Jagora ga Mai Son Zama Marubucin Labaran Ban Tsoro da na Kimiyya a Ƙasar Hijaz

Bahaushen da ya tashi a Makka ko Jidda ko Madina yana da wata dukiya wadda marubuta da yawa ba su da ita, ko da yake ba kasafai yake lura da ita ba. A cikin gida ya ji labarin mayu da fatalwa da Dodo daga bakin kakarsa da Hausa, a makaranta da cikin unguwa ya ji labarin gidajen da ake cewa aljanu sun mamaye da Larabci, sannan ga shi zaune a ƙasar da ake tace ruwan teku a sha, inda jirgin ƙasa yake gudun kilomita 300 a awa ɗaya tsakanin Makka da Madina. Duk wanda yake son ya mayar da rubutun labaran ban tsoro da ƙagaggun labaran kimiyya sana'arsa, daga wannan dukiyar ya kamata ya fara ɗiba, domin abin da ya fi kashe irin waɗannan labarai a hannun sababbin marubutanmu shi ne kwaikwayon finafinan Amurka da na Indiya, har mai karatu ya kasa ganin gidansu a cikin littafin.

Mataki na farko: san abin da za ka rubuta, ka kuma karanta na gabanka

Labarin ban tsoro aikinsa shi ne ya sa gaban mai karatu ya faɗi, kuma ya daɗe yana faɗuwa bayan ya rufe littafin. Labarin kimiyya kuwa tambaya yake yi: idan wani abu guda ya canza a fasaha ko a yanayin duniya, yaya rayuwar mutane za ta kasance? Sukan haɗu a littafi ɗaya, kamar yadda suka haɗu tun 1818 a Frankenstein na Mary Shelley, amma wajibi ne marubuci ya san wanne ne yake jan ragamar labarinsa, don kada ya yi wa mai karatu alkawarin tsoro ya ɓige da yi masa lacca a kan injina.

Kada ka ɗauka cewa kai ne farkon wanda ya taka wannan hanya da harshenmu. Tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, wanda ya ɗauki yaro ya kai shi sararin samaniya da Hausa tsantsa. A ɓangaren Larabci kuma, likitan nan na Masar, Ahmad Khalid Taufiƙ, ya fara jerin labaransa na ban tsoro a 1993, ya yi fiye da shekara ashirin yana ciyar da matasan ƙasashen Larabawa da su. Karanta su da alƙalami a hannu. Duk inda ka ji tsigar jikinka ta tashi, koma baya ka duba abin da marubucin ya faɗa da abin da ya ɓoye, ka rubuta a littafinka na ajiya.

Mataki na biyu: zaɓi harshe, domin shi ne zaɓin mai karatu

Wannan mataki ya fi wa mazaunin Saudiyya nauyi fiye da marubucin Kano ko Zinder. Yawancin 'ya'yan Hausawan da aka haifa a nan suna jin Hausa, suna magana da ita da iyayensu, amma da Larabci suka yi makaranta, don haka ba su saba da karatun boko na Hausa ba. Idan ka rubuta da Hausa, mafi yawan masu karanta ka suna Nijeriya da Nijar da Gana, kuma ta waya za su same ka. Idan ka rubuta da Larabci, ka shiga kasuwa mai faɗi wadda take da kantunan littattafai irin su Jarir da bukukuwan baje kolin littattafai na Riyad da Jidda da Madina, sai dai gogayya a cikinta tana da zafi ƙwarai.

Shawarata ita ce ka rubuta littafinka na farko da harshen da kake iya yin faɗa da rarrashi da shi ba tare da ka tsaya neman kalma ba. Idan Hausa ce, to ka koyi ƙa'idojin rubutunta da gaske: haruffa masu lanƙwasa, da inda ake haɗa kalma da inda ake raba ta, kamar a rubuta "yana" da "suka" a haɗe. Hausar Hijaz mai gauraye da Larabci tana da daɗinta, kuma ita ce za ta sa mai karatu a Sakkwato ya yarda cewa lallai a Jidda labarin ya faru, amma a bar ta a bakin taurarin labari. Tsohuwa tana iya cewa jikanta ya kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kawo mata igamarta, wato takardar izinin zama, mai ba da labari kuwa ya tsaya a kan daidaitacciyar Hausa.

Mataki na uku: gina tsoro daga abin da mai karatu ya sani

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Sabon marubuci yakan buɗe babi da wata halitta mai kai bakwai da idanu jajaye kamar garwashi, jini yana zuba daga bakinta, yana zaton ya tsorata mutane. Mai karatu ba ya jin tsoron abin da aka shimfiɗa masa gaba ɗaya a shafin farko. Abin da yake tayar masa da hankali shi ne abu sananne wanda ya ɗan kauce daga yadda ya san shi.

Ɗauki wannan misali. Wata matar aure tana zaune a hawa na uku na wani tsohon bene a Jidda, mijinta direba ne yana kwana a hanyar Madina. Kullum bayan sallar isha'i takan jera takalman gidan a bakin ƙofa, nata da na 'ya'yanta biyu. Ranar Talata ta tashi da asuba ta tarar da takalman a jere yadda ta bar su, sai dai an ƙara wasu ƙanana a ƙarshen layin, tsofaffi, kuma da danshi a cikinsu. Ta jefar da su a shara. Washegari suka dawo, amma wannan karon a tsakiyar layin suke, tsakanin na babban ɗanta da na ƙaramar. Ba a nuna kowa ba, ba a zubar da jini ba, amma duk uwar da ta karanta wannan ta riga ta fahimci cewa wani abu yana neman gurbi a cikin 'ya'yanta. Aikinka daga nan shi ne ka riƙa matso da abin kusa kaɗan kaɗan, babi bayan babi, kuma kowane matsowa ya ci wa tauraruwar wani abu: barcinta, amincewar mijinta, sannan yardar da take yi wa idonta.

Abu na biyu shi ne ka sa mai karatu ya damu da mutumin kafin ka jefa shi cikin haɗari. Ka ba shi bashi da ake bin sa, da mahaifiya a Katsina wadda take jiran aike, da wani sirri da yake ɓoyewa. Rayuwar baƙunta kanta cike take da fargaba ta gaskiya wadda ba ta buƙatar aljani: takardar zama da ta kusa ƙarewa, rashin lafiya cikin dare ga wanda yake shakkar zuwa asibiti, unguwar da mutum ya girma a cikinta a wayi gari an rushe ta, kamar yadda ya faru da unguwanni da dama a Jidda a 2022. Idan tauraruwarka tana da dalilin da zai hana ta kiran 'yan sanda ko barin gidan, ka amsa tambayar da kowane mai karatu yake yi, wato me ya hana ta gudu.

Abu na uku shi ne doka. Kowane abin tsoro a labarinka dole ya kasance yana da abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, kuma ka rubuta waɗannan a takarda kafin ka fara. Al'adarmu ta riga ta koya mana haka, domin a labaran gargajiya maye yana kama kurwa ne, kuma akwai yadda ake cewa ana sa shi ya saki. Idan a babi na uku abin ba ya iya shiga ɗaki sai an kira shi, kada a babi na goma ya fasa ƙofa don kawai labari ya cije maka. Ka kuma bar wa hankali ƙofa a buɗe: abin da muke kira dannau, Larabawa kuma suke kira jasum, likitoci sun bayyana shi da cewa mutum ne yake farkawa alhali jikinsa bai gama fita daga halin barci ba. Labarin da ya bar mai karatu yana kai da kawo tsakanin bayanin likita da na tsohuwa ya fi daɗewa a zuciya.

Mataki na huɗu: kiyaye iyakar addini da ta doka

Masu karanta ka Musulmi ne, kuma a wurinsu aljanu ba ƙage ba ne, akwai sura sukutum da sunansu a cikin Alƙur'ani. Wannan yana ƙara wa labarinka ƙarfi, yana kuma ɗora maka nauyi. Kada ka ƙirƙiri aya ko hadisi, kada ka sa aljani ko boka ya san gaibu, kuma kada ka rubuta surkulle ko hatimi dalla-dalla yadda wani zai iya kwaikwaya. Sihiri laifi ne babba a dokar Saudiyya, kuma ko littafin da bai koyar da shi ba yana iya gamuwa da zargi. Littafin Haujan na Ibrahim Abbas, wanda ya fito a 2013 yana ba da labari ta bakin wani aljani mazaunin wani gida a Jidda, an taɓa janye shi daga wasu kantuna saboda irin wannan zargi kafin ya dawo kasuwa, kuma bayan shekara goma fim ɗin da aka yi daga gare shi ne ya buɗe bikin finafinai na Bahar Maliya a 2023. Kafin ka saki littafi, ka ba wani malami mai fahimta ya duba wuraren da suka taɓa aƙida. Haka nan ka nisanci amfani da harabar Harami a matsayin dandalin ban tsoro, kuma kada ka jingina maita ga wata ƙabila ko wani gida da za a iya ganewa, domin irin wannan ƙazafi ya raba aure ya kuma zubar da jini a garuruwanmu.

Mataki na biyar: yi wa kimiyya adalci

Ba sai kana da digiri ba kafin ka rubuta labarin kimiyya, amma sai kana da haƙurin bincike. Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce ka ƙagi abu ɗaya tak, sauran duka ka bar su a kan gaskiyarsu. Idan tauraronka yana duniyar Mars, ba zai yi hira kai tsaye da mahaifiyarsa a Makka ba, domin saƙo yana ɗaukar tsakanin kimanin minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon nisan da ke tsakanin duniyoyin biyu a lokacin. Wannan jinkirin ma kansa kayan aiki ne: ka yi tunanin ɗa yana sauraron muryar mahaifiyarsa tana yi masa addu'a, bai san cewa a cikin mintunan da saƙon ya yi a hanya rai ya riga ya yi halinsa ba.

Tambayoyin da marubucin Turai ba zai yi ba su ne naka. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya a cikin kimanin minti 90, mazaunanta suna ganin fitowar rana kusan sau 16 a yini guda, to yaya mai salla zai yi da lokaci da alƙibla? Ba tambayar wasa ba ce, domin a 2007 hukumomin addini na Maleshiya sun fitar da jagora a kanta saboda ɗan sama jannatinsu. Saudiyya kanta ta aika Yarima Sultan bin Salman sararin samaniya a 1985, sannan Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni suka je tashar a watan Mayu na 2023. Yarinya Bahaushiya mai bincike a sararin samaniya ba abin da mai karatu zai yi wa dariya ba ne yanzu.

Ba kuma dole ne ka bar doron ƙasa ba. Makka da Jidda sun dogara ƙwarai da ruwan da ake tacewa daga teku a Shu'aiba, kudu da Jidda. Ka zauna ka bi sawun abin da zai faru idan wata ƙwayar halitta ta toshe matatun na tsawon wata guda a tsakiyar zafi: wa zai fara jin jiki, nawa farashin wayit, wato tankar ruwa, zai kai, me mai gadin bene zai yi da makullin tanki, wace unguwa za a fara mantawa da ita. Labarin kimiyya mai kyau yana cikin amsar waɗannan tambayoyi, bayanin injin kuwa sakin layi ɗaya ya ishe shi. Idan za ka sa wa sabuwar na'ura suna, ka sa mata irin sunan da mutanen kasuwa za su raɗa mata, gajere mai bayyana aikinta, kada ka cika shafi da kalmomin Turanci.

Mataki na shida: rubuta har ka gama

Tsara labarin a shafi biyu kafin ka fara, kuma ka san ƙarshensa. Bayan haka ka yanka wa kanka adadi. Kalma 500 a kullum tana ba ka kalma 60,000 a cikin wata huɗu, wato cikakken littafi. Lokacin bayan sallar asuba ya fi dacewa da mafi yawan ma'aikata a nan, tun da dare na hidima ne da ziyara. Wanda aikinsa yake da alaƙa da alhazai ya san cewa daga Ramadan zuwa ƙarshen aikin Hajji ba shi da lokacin kansa, sai ya tsara rubutunsa a sauran watanni.

Ina jan hankali da babbar murya a kan al'adar sakin labari shafi shafi a WhatsApp ko manhajar karanta labarai ta Wattpad tun ba a gama rubuta shi ba. Labarin soyayya yana iya jure wannan, amma na ban tsoro da na kimiyya ba sa jurewa, domin abin da zai faru a babin ƙarshe dole a dasa shi tun babin farko, kuma ba ka da ikon komawa ka gyara abin da dubban mutane suka riga suka karanta. Gama rubutun tukuna, sannan ka saki a hankali.

Mataki na bakwai: tacewa

Ajiye rubutun na wasu makonni, sannan ka karanta shi da ƙarfi, domin kunne yana kama jimlar da aka gina da tsarin Larabci ko na Turanci fiye da yadda ido yake kamawa. Ka nemi masu karatu uku: wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa, wanda ya san fannin da ka taɓa, kamar ma'aikaciyar jinya ko injiniya, da kuma mai karatu na yau da kullum wanda za ka tambaye shi abu ɗaya, wato a wane shafi ya ajiye littafin ya tashi. Wannan shafin shi ne yake buƙatar wuƙa.

Mataki na takwas: bugawa, kuɗi da haƙƙin mallaka

Littafin da za a buga a sayar a Saudiyya yana buƙatar izinin hukumar da ke kula da harkokin yaɗa labarai, da lambar littafi ta ƙasa da ƙasa wadda ake samu ta Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta maɗaba'a mai lasisi, musamman ga wanda yake zaune da igama, tun da doka ta taƙaita irin kasuwancin da baƙo zai yi da sunansa. Tun 2020 akwai hukuma ta musamman mai kula da adabi da wallafa da fassara a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, kuma yana da kyau mai rubutu da Larabci ya riƙa bibiyar shirye-shiryenta.

Mai rubutu da Hausa kuwa kasuwarsa tana kan waya. Ana sakin babi na farko zuwa na biyar kyauta, sauran kuma a biya a shiga zaure na musamman, ko a ɗora a manhajojin sayar da littattafan Hausa. Kada ka raina murya: labarin ban tsoro da aka karanta da kyau a YouTube yana isa ga ƙannenka na Makka waɗanda ba sa karanta boko, da direbobi, da matan da hannunsu yake cikin aiki. Amma duk wanda zai karanta littafinka a tasharsa, ku yi yarjejeniya a rubuce, a faɗi tsawon lokaci da rabon kuɗi. Mata kuma suna da gasar Hikayata ta sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, kuma gajeren labari mai ƙarfi yana iya fitar da suna fiye da dogon littafi.

Sai a yi lissafi da idon basira. Masu karatunka da naira ko sefa suke biya, kai kuwa da riyal kake biyan haya, riyal ɗin da aka ɗaure a kan 3.75 ga dalar Amurka ɗaya tun 1986. Ƙari a kan haka, satar fasaha ta yi katutu, domin mutum ɗaya yana iya saye ya tura wa ɗari. Saboda haka kada ka ajiye aikin da yake ciyar da kai saboda littafin farko ya samu yabo. Ahmad Khalid Taufiƙ bai bar koyarwa a tsangayar likitanci ta Jami'ar Tanɗa ba duk da yawan littattafansa, Stephen King, marubucin labaran ban tsoro na Amurka, shi ma malamin makaranta ne lokacin da aka karɓi littafinsa na farko, wanda ya fito a 1974.

Idan maɗaba'a ko mai shirya fim ya zo da takarda, ka karanta ta a natse, ka kuma ba wanda ya san doka ya duba. Ka lura da abubuwa huɗu: shekarun da yarjejeniyar za ta ɗauka, harshen da ta shafa, kason da za a ba ka daga kowane kwafi, da kuma ko ta haɗa da haƙƙin fim da na murya da na fassara. Ga marubucin da yake da harshe biyu, haƙƙin fassara shi ne mafi daraja, domin littafin da ka rubuta da Hausa kai da kanka kana iya sake rubuta shi da Larabci ka kai shi wata kasuwar. Ka ajiye kwafin rubutunka na asali mai ɗauke da kwanan wata, ka yi masa rajista a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Saudiyya idan da hali, kuma ka fara tsara littafi na biyu tun na farko yana hannun mai tacewa.